Ranar da Teku Ta Ci Gidan Su Akpene

Da safe teku ta rushe katangar gidan su Akpene, ta tafi har da murhun da take ƙyafe kifi. Kafin rana ta take, babanta ya kira motar da za ta kwashe su zuwa Akatsi, nesa da ruwa.

Da gudu ta iske saurayinta Senyo a gindin kwakwa, yana ɗinkin ragarsa.

"Efo Senyo, Baba ya amince! Ya ce in ka bar kamun kifi ka biyo mu, ya ba ka ni."

Senyo bai ɗago ba.

"Na sani. Ya zo wurina ɗazu."

"Ka ce masa me?"

Ya dubi kwale-kwalensa da ke kife kan yashi, sannan ya dube ta.

"Na ce ba zan iya ba."

Akpene ta dafe ƙirji.

"Ruwan da ya ci yayana, yau ya ci gidanmu? Shi ka zaɓa?"

"Akpene, a tudu ni ba kowa ba ne. Ki zauna."

Direba ya danna hon. Ta jira ya ajiye ragar, amma ya ci gaba da ɗinki. Ta juya ta nufi motar.