Tatsuniyar da Inna ta yi mini da rana

Shin Inna ta san ba za ta kai dare ba? Na tsufa, na rasa miji, na rasa 'ya'ya, amma wannan tambaya ce take sa ni kuka har yau.

A Birnin Tsaba ba a yin tatsuniya da rana, cewa ake yi mai yi zai ɓata a daji. Mahaifiyata ta fi kowa kiyaye wannan. Kowane dare take ja mini labarin wata sarauniyar iskoki, mai tsayar da gulbi da tafin hannu, wadda ta haifi ɗiya da ɗan Adam.

Rannan bayan azahar tana kwance da zazzaɓi, ɗakin duk warin jiƙon saiwa, sai ta kira ni.

"Zo in ƙarasa miki."

"Inna, da rana? Ɓata za ki yi!"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce sarauniyar ta goya ɗiyarta zuwa bakin gulbi, ta sauke ta a kan yashi, ta shige ruwa ita kaɗai.

Na fusata. Na ce muguwa ce, duk sihirinta ta kasa zama da ɗiyarta? Na ture hannun Inna daga kaina. Wayyo, da na bar shi.

Ta dube ni ta ce, "Ba gudunta ta yi ba, ɗiyata, kiranta anka yi. Tahi ki ɗebo min ruwa."