Sunan da Ya Ƙi Goguwa

"Ta ƙi," in ji ma'aikacin, ya janye hannunsa daga kwamfutar ofishin gona a Funtua.

Manomin ya haɗe rai. Tun daga garin Ƙarfi ya taso, ga masara ta fara rawaya, kuma an ce babu taki sai an goge sunan marigayi mahaifinsa an mayar da gonar sunansa.

"Malam, ƙarfe ne zai yi mini gardama? Mutumin da na sa a kabari da hannuna?"

"Haka aka gina ta, Baba. Ba ta goge uba muddin akwai ɗa rataye da shi. Na cire naka, saura ɗaya."

"Ni kaɗai ne ɗansa."

Ma'aikacin ya karanto sunan. Ƙanen manomin ne, wanda ya bi 'yan mishan ya koma Gozaki, wanda tsohon ya rantse a gaban jama'a ya cire shi daga zuriyarsa. Shekara da shekaru ko sunansa ba a kira a gidan.

"Wa ya sa shi?"

"Mai gona kaɗai ke da ikon sawa. Bara mahaifinka ya zo da ƙafarsa ya sa shi. Amma abu ne mai sauƙi, Baba. In na goge sunan ƙanenka, na tsohon zai bi, yau ka tafi da takinka."

Manomin ya daɗe yana kallon koren rubutun da ke kan kwamfutar, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba. Sannan ya ɗauki buhunansa wayam, ya saɓa a kafaɗa.

"Mayar da nawa kusa da na ƙanena."