Wurina a Saman Albasa

Ranar kasuwar Dole Kaina, Baba ya ɗora ni saman motar albasa a Kende, ni kuwa na shiga jifar mutane da albasar. Ya finciko ni ƙasa.

"Sauka, ja'iri! Sani za ya tafi, shi yana jin magana."

Ƙanena Sani ya haye wurina yana yi mini gwalo. Ba su yi nisa ba taya ta fashe, motar ta kife. A amalanken shanu aka nufi asibiti da su. Baba ya isa da rai, Sani bai isa ba.

Aka ce kwanansa ne ya ƙare. Ba wanda ya duba tayar.

Ni da ba na jin magana, ga ni na tsufa har haƙora sun zube. Har yau ba a sa mini albasa a miya.