Ƙwallo Ɗayar 'Yan Masaƙa

"Da wannan kan na durƙusar da Manya," in ji Kan Guduma, yana ƙwanƙwasa goshinsa. Duk wanda ya taɓa sayen tikiti a ƙofar filin 'Yan Masaƙa ya ji labarin, ko yana so ko ba ya so. Shi ne mai gadin filin, kuma a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo yake da ɗaki, shi da matarsa da tsohon risho.

Ƙungiyoyin ƙwallo biyu ne a garin. Manya suna da jar riga da bas mai sanyi da kofuna har an rasa wurin ajiya. Ɗayar kuwa ma'aikatan masaƙa ne suka kafa ta, suka rina mata shuɗiyar riga da ragowar rinin kamfani. Sau ɗaya tak suka taɓa doke Manya, ɗaya da nema. Bayan nan aka rufe masaƙa, ma'aikata suka watse, na mutuwa suka mutu. Ƙungiya ta yi ta gangarowa daga rukuni zuwa rukuni kamar gugan da igiya ta tsinke masa. In ɗan wasa ya fara iya taka leda, Manya su zo su tsince shi. Abin da ya rage wa masu shuɗi shi ne wannan ƙwallo ɗaya, wadda aka ci tun ba a haifi yawancinsu ba.

Shi ya sa ranar da wani mai furfura ya ɓullo da buhun kayansa ya ce shi ya ci ta, babu wanda ya tsananta bincike. Mai jin ƙishi ba ya zaɓen ƙoƙo. Aka miƙa masa makullin filin.

Labarin ba ya canzawa, sai dai tsayin tsallen, wanda yake ƙaruwa duk shekara. An bugo kwana, ya tashi sama, ya sa kai. Gola ko motsi bai yi ba. Shi kuwa bai yi gudun murna ba, kwanciya ya yi ya rufe fuska, saboda tawali'u. Magoya bayan Manya suka raka shi da duwatsu, a ranar ya bar garin. In an tambaye shi me ya sa ba ya cikin hoton da ke ofis, sai ya ce ya zagaya bayi lokacin.

A bana aka sayar wa Manya filin, za su mai da shi wurin atisaye. Abu ɗaya shugaban 'Yan Masaƙa ya iya ƙwatowa: ba za a tashi tsohon ɗan wasan Masaƙa daga ɗakinsa ba.

Ranar miƙa fili matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, don Allah yau ka ce haƙori ke maka ciwo. Ba mu da inda za mu."

Ya ce to. Amma magoya baya sun cika rumfa, idanu jajur, suna so a gasa wa Manya magana ko sau ɗaya kafin a kore su. Manajan Manya yana tsaye a gefe, ƙaton mutum mai tumbi, yatsunsa duk a karkace.

"Baba, faɗa masa," in ji shugaban. "Ya san su ma sun taɓa kuka a filin nan."

Kan Guduma ya dubi matarsa, ya dubi taron. Ya gyara murya. Wannan karon sai da ya kusa taɓa gajimare kafin ya sa kai.

Manajan ya bar shi ya kai aya. Ya matso, ya ƙura masa ido, ya daɗe yana kallon goshin. Sannan ya miƙa karkatattun yatsunsa.

"Kawo makullin, tsohon abokin aiki," ya ce. "Gaskiya ka faɗa musu, ban motsa ba. Wane gola ne zai yi zaton ɗan bayansa, sanye da jar riga, shi zai juyo ya jefa masa ita a raga?"