Mai Fasa Bulo

Bulo huɗu Zakiyyu ya jera a gindin mota kafin ya tafi sallar azahar. Da ya dawo, duka huɗun sun koma tsakuwa.

Karo na biyu ke nan. Ya tsaya a harabar gida yana huci. Jar motarsa irin ta tsere tana kwance a kan yashi kamar ƙadangare, cikinta bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, baƙin mai yana ɗiga. Ranar da ya kawo ta ya daki tudun titi a hanyar Mashi, wani abu ya kwance a ƙasan injin. Ya rantse ba bakaniken Daura da zai taɓa masa ita. Shi zai gyara abarsa, wai ya ga yadda ake yi a waya.

Ya san wanda yake yi masa wannan wulaƙanci. Gajeriyar katanga ce kawai tsakaninsa da Nu'uman bakanike, wanda tare suka tashi, ya girme shi da shekara biyar. Tun ranar farko Nu'uman ya leƙo ya ce, "Ƙanena, bulo ba ya ɗaukar mota. Fashewa yake yi ba sallama. Ka bar mini aikin."

Inna Barakatu, mahaifiyar Zakiyyu, tana wucewa da buta ta ce ya saurari na gaba da shi. Shekara talatin ta yi tana sayar da tuwo a bakin gareji, da shi ta yi masa makaranta. Amma yaro ya yi dariya ya ce, "Inna, tuwo daban, mota daban." Ta wuce da butarta. Tun ranar ko gaisuwarsa da kai take karɓa.

Yanzu ya dafa katanga ya ɗaga murya.

"Nu'uman! In hassada ce ka fito fili ka yi ta!"

Ikilima matar Nu'uman ce ta amsa daga ciki. "Maigidan yana Baure wajen ta'aziyya tun shekaranjiya."

"Ki gaya wa wanda bai san ku ba! Gobe bayan la'asar mu haɗu gaban mai unguwa. Ni da shi har abada!"

Washegari ya tashi da baƙin rai. Gidan shiru, ko ƙarar daka babu, furar da ya saba sha ma ba a kawo ba. Wannan ma ya ƙara masa haushi. Mai bulo kuma ya ce sababbin ba su bushe ba, sai jibi.

Da ya dawo hannu rabbana, ya tarar da gungumen itace biyu kusa da motar. Gajeru ne masu kauri, baƙaƙe, sun sha hannu har suna sheƙi, samansu sabon yankan zarto. Gefe guda ga faffaɗan katako da duwatsu biyu.

Wato har ba'a ake yi masa. Ya shuri ɗaya, ƙafarsa ce ta ji jiki. Ya ɗaga zai jefa ƙetaren katanga, wani yaji-yaji ya shige masa hanci, ya yi atishawa uku. Sai ya tuna ba shi da komai da zai tokare motar, ga shi yana so ya je gaban mai unguwa a cikinta.

Ya hau da tayoyin gaba kan katakan da ya tanada, don jak, ƙarfen ɗaga mota, ya samu wurin shiga. Ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya danna duwatsun a bayan tayoyin baya. Faffaɗan katakon kuwa ya ture shi da ƙafa, ya dasa jak a kan yashi tsagwaronsa. Ya ɗaga motar. Ya tura gungumen nan biyu ƙarƙashin ƙarfen gefe yana tsaki, ya kwanta rigingine ya shige da sifana.

Noti na uku yake ja da ƙarfi sai yashi ya zame. Jak ya kwanta. Motar ta sauko da nauyinta gaba ɗaya, ji kake dim!

Ta tsaya. Ƙarfen injin yana shafar maɓallin rigarsa. Itacen ya yi ƙara sau ɗaya, bai tsage ba.

Da jan baya ya fito. Ya dubi tarin fasasshen bulo a gindin katanga, ya daɗe yana dubansa. Kunya ta rufe shi. Ya fita ko takalmi babu don ya roƙi gafarar Nu'uman, sai ga shi yana sauka daga babur, jakar tafiya a kafaɗa, ƙurar hanya har gira.

"Yaya, ka yafe mini. Itacenka ya cece ni."

"Wane itace? Ni yanzu nake shigowa gari."

Zakiyyu ya koma gida a sanyaye, ya wuce madafa neman ruwa. Inna Barakatu tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana shafa man zafi a wuyan hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Da ranka ka fito?" ta ce. "To, je ka wanke jikinka. Mai unguwa yana jiranka."

A bayanta turamenta biyu na sana'a suna kwance a ƙasa, an yanke musu gindi, ga taɓarya jingine da bango, kanta fari fat da garin siminti.