Baba Ya Ce Kowa Ya Fita

Baba ya sake kallon agogon bango. Tun da asibiti ya sa Auta cikin wani bincike a kan ciwonta, ciwon nan mai ɗaga mutum sama har ya daina barci sannan ya jefar da shi ƙasa, ake haɗa mata magani da zaman iyali duk mako. Mama na zuwa da tambayoyi, Yaya na zuwa da ƙorafi. Baba kuwa bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya murtuke fuska har a tashi.

Yau likita na gama bayani ya ce, "Ku ba mu wuri. Ina da magana da ita."

Shi ke nan, in ji Auta a ranta, cire ta zai yi daga binciken, ga shi ta fara samun kanta, har ta koma kan keken ɗinkinta. Ta laɓe a bakin ƙofa.

"Likita, wannan maganin naku," ta ji ya ce.

"Na'am, Baba."

Ya yi gyaran murya.

"Yana yi wa tsoho aiki? Ni tun ina saurayi ake ce mini hali ne kawai."