Aron Ido

Tun da aka kafa dokar rage ajiya, duk bidiyon da ya shekara mutum biyu ba su kalle shi tare ba, gogewa yake yi. Na Inna Talatu hotunan marigayi mijinta ne, an jera mata su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Yau wa'adinsa ke cika.

Inna Talatu ta leƙa gidan maƙwabciyarta. "Ladidi, ara mini idonki mana."

"Inna, tuwo na kan wuta fa!"

Ta dai zo, ta tsaya daga bakin ƙofa da muciya a hannu, har allon ya rubuta an sabunta.

"Shi ke nan ko?" Ladidi ta fice da sauri.

Inna Talatu ta naɗe tabarmar da ta shimfiɗa mata. Ko hoton aurensu ba a kai ba.